Wuta, Ruwa, Iska da Ƙasa a Bikin Tsakiyar Bazara na Mabiya Wika

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin addinai, kuma na ci karo da bayanin cewa mabiya addinin Wika a Ingila da Amurka suna girmama wuta da ruwa da iska da ƙasa a bikin da suke yi ranar da yini ya fi tsawo a shekara. Yaya ake gudanar da wannan girmamawa, daga ina ta samo asali, kuma shin bauta wa waɗannan abubuwa suke yi?

Amsa: Malama, kafin mu kai ga bikin, akwai kalmomi biyu da nake so ki yi hattara da su, domin sun sha kai masu rubutu da Hausa su baro. Ta farko ita ce sunan da mabiya wannan addini suke kiran kansu da shi a Turance, wato "witch", wanda masu fassara kan mayar da shi "mayu". Maita a wurin Bahaushe kamun kurwa ce da cin mutum a ɓoye, kuma babu wanda yake tsayawa a bainar jama'a ya ce shi maye ne, alhali mutanen Wika suna nufin masu wata ibada da ke haɗe da abin da mu za mu kira tsafi ko tsubbu, suna kuma rubuta sunan addininsu a takardar ƙidaya. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wika, ban da wasu kimanin 74,000 da suka kira kansu masu bin addinan gargajiyar Turai gaba ɗaya. Kalma ta biyu ita ce "iska". Duk inda na ambace ta a nan, iskar da ke kaɗawa nake nufi, wadda muke shaƙa, ba iskokin bori ba.

Addinin kansa bai tsufa ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884 ya mutu a 1964, kuma ya yi shekaru yana aiki a Silon (Siri Lanka ta yau) da Malaya (cikin Malesiya ta yau), shi ne ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan an soke tsohuwar dokar Birtaniya ta 1735 game da maita. Ya yi iƙirarin cewa wata tsohuwar ƙungiyar asiri ce ta shigar da shi cikinta a yankin New Forest a 1939, kuma abin da yake koyarwa ragowar addinin Turai ne na kafin zuwan Kiristanci. Masana tarihi, musamman Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, sun bi diddigin maganar, sun nuna cewa addinin haɗi ne da aka yi a ƙarni na 20 daga tsofaffin kayayyaki: littattafan sihiri na Turai, tsarin ƙungiyar asiri ta Freemason wadda Gardner yake cikinta, al'adun ƙauyukan Birtaniya, da waƙoƙin marubuta masu begen rayuwar karkara. Mabiya da yawa a yau sun karɓi wannan bayani ba tare da wata damuwa ba. Na fara da wannan ne saboda maganar abubuwa huɗun nan ita ce wurin da ɗinkin ya fi fitowa sarai.

Ra'ayin cewa dukkan halitta ta ginu daga wuta da iska da ruwa da ƙasa, a Turai, ya faro ne daga Girkawa. Empedokles, mutumin Akragas a tsibirin Sisili, shi ya tsara shi a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira su saiwoyi huɗu. Daga baya Aristotal ya ba kowanne siffofi biyu: wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa, sannan ya ƙara na biyar wanda ya ce daga shi aka yi sammai. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, domin ta hanyar likitocin Musulunci irin su Ibn Sina ya iso hannun malamanmu, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da masu hisabi ya ji ana cewa wane ɗabi'arsa ta wuta ce, wance tata ta ruwa ce. Abin da ba ya cikin tsarin Girkawa shi ne raba wa kowanne kusurwa guda ta duniya a tsaya ana kiransa. Wannan ya shigo Wika ne daga ƙungiyar sihiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888, wadda ta ba iska gabas, wuta kudu, ruwa yamma, ƙasa arewa, ta kuma ari batun "hasumiyoyin tsaro" huɗu daga rubuce-rubucen John Dee, masanin lissafi da taurari na zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, waɗanda ya yi a shekarun 1580.

Shi kuwa bikin, yana faɗowa ranar 20 ko 21 ga Yuni a arewacin duniya, wato tsakiyar bazarar Turai, lokacin zafinsu. Dalili shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4, kuma a wannan rana ne ɓangaren arewa ya fi fuskantar rana. Mutumin Kano ba zai ga wani abin biki a nan ba, domin yininsa mafi tsawo bai wuce awa 12 da minti 50 ba, hankalinsa ma yana kan shuka da ruwan farkon damina. A Landan kuwa yinin yakan kai awa 16 da minti 38, alhali a ƙarshen Disamba ko awa 8 ba ya cikawa, kuma wanda ya taɓa yin hunturu a can, ya ga duhu ya rufa tun ƙarfe huɗu na yamma, zai fahimci abin da ya sa mutanen wurin suka mayar da dogon yini abin murna. Mabiya Wika suna da bukukuwa takwas a shekara. Da farko huɗu kawai ƙungiyar Gardner ta ba muhimmanci, sai a 1958 ta ɗaga ranakun juyawar rana (yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara) da na daidaituwar dare da yini zuwa matsayi ɗaya da sauran. Sunan Litha da za ki riƙa gani a intanet ya fi wannan ma sabunta, domin wani Ba'amurke mai suna Aidan Kelly ne ya laƙaba shi a 1974, ya ɗauko shi daga malamin coci Bede, wanda ya rubuta a shekara ta 725 cewa haka tsofaffin Ingilishi suke kiran watannin Yuni da Yuli. Bede sunan wata ya ambata, bai ce biki ba ne.

Yadda ake gudanar da ibadar ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni, tun da ba su da wata hukuma guda da ke tsara wa kowa, amma ƙashin bayanta kusan ɗaya ne. Ba su da ɗakin ibada na dindindin. Duk inda za a yi, a falo ne ko a lambu ko a dawa, sai an shata da'ira, wadda a tsohon tsari faɗinta ƙafa tara ne, a ajiye ƙaramin tebur a matsayin bagade, yawanci ta wajen arewa, a kuma sa kyandir a kowace kusurwa. Tun a nan abubuwa huɗun suke shigowa. Shugabar ibada takan tsoma tsinin wuƙarta mai baƙar ƙota, wadda suke kira atame, cikin kwanon ruwa ta yi masa addu'ar tsarkakewa, ta albarkaci gishiri, ta zuba shi a ruwan, sannan a zagaya ana yayyafawa. Gishiri yana wakiltar ƙasa, don haka ruwa da ƙasa sun haɗu ke nan. Sai a zagaya da kaskon turaren wuta, garwashi wuta ne, hayaƙi iska ne. Kalmomin tsarkake ruwa da gishirin an ɗauko su kusan kai tsaye daga wani tsohon littafin sihiri na Turai da ake jingina wa Annabi Sulaiman, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1889, kuma duk wanda ya san yadda Katolika suke haɗa ruwan tsarki da gishiri zai ga kamannin.

Bayan haka sai kiran kusurwoyi. Ana farawa daga gabas, a bi ta kudu, yamma, a ƙare a arewa, wato yadda mutumin Turai yake ganin tafiyar rana a sama. A kowace kusurwa jama'a sukan juya su fuskance ta, mai kira ya ɗaga wuƙa ko hannu ya zana tauraro mai tsini biyar a iska, ya kira masu tsaron wannan kusurwa su halarta su tsare da'irar. Gabas ta iska ce, ana danganta ta da asuba da tunani da magana, alamarta gashin tsuntsu ko turare, launinta galibi rawaya. Kudu ta wuta ce, tsakar rana da himma da ƙarfin zuciya, launinta ja. Yamma ta ruwa ce, faɗuwar rana da tausayi da mafarki, alamarta kofi, launinta shuɗi. Arewa ta ƙasa ce, tsakar dare da jiki da abinci da haƙuri, alamarta faifai mai zanen tauraro ko dutse ko gishiri. Na biyar, wanda suke kira ruhi, wurinsa tsakiya, kuma shi ne tsinin sama na tauraron nan da aka san su da shi, wanda hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta amince a 2007 a riƙa zana shi a kan kaburburan sojoji mabiya addinin. Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninsu kan wuƙa da sanda, wasu suna ba wuƙa iska sanda wuta kamar yadda Golden Dawn ta tsara, wasu suna juyawa, suna cewa ai a wuta maƙeri ya ƙera wuƙar, reshen da aka yanko sandar kuwa iska ce take kaɗa shi.

Duk wannan ana yin sa a kowane biki. Abin da ya keɓanta da tsakiyar bazara shi ne rinjayen wuta, domin kudu da tsakar rana da lokacin zafi duk nata ne a lissafinsu. Sukan hura babbar wuta idan wuri ya ba da hali, su yi rawa suna kewaya ta, wasu su tsallaka ta idan ta lafa, a jefa busassun ganyaye masu ƙamshi a ciki, wasu kuma su kwana ba barci don su tarbi fitowar rana. A nan kam suna da tsohuwar al'ada ta gaske da suka dogara da ita. Hura wuta a daren 23 ga Yuni, jajibirin ranar Yahaya Mai Baftisma a kalandar coci, abu ne da aka daɗe ana yi a faɗin Turai, kuma wani malamin coci a Shropshire mai suna John Mirk ya bayyana, wajen shekara ta 1400, cewa mutane suna hura wuta iri uku a daren, ta ƙasusuwa zalla, ta itace zalla, da ta haɗin biyun. A wasu yankuna ana naɗe ƙafar keken shanu da ciyawa, a cinna mata wuta, a gangaro da ita daga kan tudu zuwa rafi. Har gobe ana bikin a Latbiya da Sifen da ƙasashen Sikandinebiya, kuma yawancin masu yin sa Kiristoci ne ko waɗanda ba ruwansu da addini, ba su da wata alaƙa da Wika.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina, wanda kuma masu taƙaita bayani suke tsallakewa, shi ne cewa a tsarin ibadar da rukunin Gardner suka bari na wannan rana, abin da yake gaban bagade tukunyar ƙarfe ce cike da ruwa, an kewaye ta da furannin bazara. Shugabar ibada takan tsaya a gabanta riƙe da sanda, ta kira ikon rana da tsofaffin sunaye, cikinsu har da Lugh na tatsuniyoyin Ailan, da Sarki Arthur, da Mala'ika Mika'ilu, haɗin da shi kaɗai ya isa ya nuna miki daga tukwane nawa aka ɗebo miyar. Daga nan sai a tsoma sandar cikin tukunyar, a matsayin haɗuwar rana da ƙasa, namiji da mace, sannan jama'a su riƙa wucewa ana yayyafa musu ruwan. Ma'anar a wurinsu ita ce zafin rana shi kaɗai ƙuna ne, sai ya sami ruwa da ƙasa yake zama amfanin gona. Manomin da ya ga shukarsa ta ƙone a fari bayan ruwan farko ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan. Haka nan bikin yana ɗauke da wani ɗan baƙin ciki a ƙarƙashin murnarsa, domin ranar da yini ya kai ƙarshen tsawonsa ita ce ranar da zai fara raguwa. Wasu rukunoni suna nuna wannan da ɗan wasan kwaikwayo, inda Sarkin Itacen Oak, mai mulkin rabin shekara na ƙaruwar haske, yake faɗuwa a hannun Sarkin Itacen Holi, mai mulkin rabin raguwa. Wannan ma ba daga kakanni aka gada ba, daga wani littafi na mawaƙi Robert Graves na 1948 ya fito, kuma Janet da Stewart Farrar ne suka shigar da shi cikin ibada a littafinsu na 1981.

Yanzu ga ainihin tambayarki, ko bauta ce. Idan kika tambayi mai bin tsarin Gardner, zai ce miki abin bautarsa biyu ne, Allahiya da ake dangantawa da wata da ƙasa, da Allah Mai Ƙaho da ake dangantawa da rana da dawa, kuma su ake kira bayan an gama da kusurwoyi. Masu tsaron kusurwoyi shaidu ne da 'yan gadi. Tsoffin kalmomin kiran ma umarni ne, irin na mai sihiri da yake tilasta wa ruhi ya bayyana, kuma a ƙarshen ibada akan sallame su. Kalmar "girmamawa" da kika gani ta fi yawa ne a tsarin baya, bayan addinin ya ƙetara Amurka a farkon shekarun 1960 ta hannun Raymond Buckland da wasu, ya kuma cuɗanya da fafutukar kare muhalli da ta 'yancin mata a shekarun 1970. Daga nan ne mutane da yawa suka ga rashin ladabi ne a yi wa ruwa ko iska tsawa, suka mayar da umarni gayyata, sallama kuma ta koma godiya. Game da abin da ake kira ɗin, za ki sami mai cewa halittu ne na gaske masu hankali, irin waɗanda likita Paracelsus ya rubuta a ƙarni na 16 cewa suna zaune cikin kowane ɗaya daga abubuwa huɗun, za ki sami mai cewa ƙarfi ne na halitta kawai, za ki kuma sami mai cewa ɓangarorin zuciyar ɗan Adam ne aka ba su suna. Sau da yawa dukkan ukun suna tsaye a da'ira guda ba tare da sun tambayi juna ba, domin addinin ya fi damuwa da abin da ake aikatawa a kan abin da aka ƙudurta. A ma'aunin tauhidin Musulunci, da na Kiristanci ma, kiran wani abin halitta a nemi tsaronsa hukuncinsa sananne ne, kuma ba sai na faɗa miki ba. Amma a takardar jarrabawa ki rarrabe tsakanin hukuncin da addininki ya yanke da bayanin da masu abin suke bayarwa game da kansu, ki rubuta kowanne da sunansa.

Na taɓa halartar irin wannan taro a matsayin mai kallo, a wani fili a kudancin Ingila, wanda aka buɗe wa kowa. Mutane ba su wuce talatin ba, da tsofaffi da masu goyo, wasu da rawanin furanni a ka, wasu da rigar ruwa saboda hadari. Hukumar wurin ta hana hura wuta a ƙasa, saboda haka babbar wutar tsakiyar bazara ta koma kyandir guda a kusurwar kudu, iska kuwa ta kashe shi har sau uku, sai da wata dattijuwa ta zazzage kwalbar jam daga jakarta ta saka shi a ciki. Wanda aka ba kiran gabas ya ce da alama baƙuwarsa ta riga kowa isowa, aka yi dariya, aka ci gaba. Da aka zo yayyafa ruwa na ja da baya, babu wanda ya ce mini uffan. A ƙarshe aka zagaya da biskit da ruwan tuffa maimakon giya, aka zuba kaɗan a ƙasa, aka sallami kusurwoyi, sannan kowa ya sunkuya yana tsintar shara.

Tsintar sharar nan tana da tarihi. Masu kula da tsofaffin wuraren tarihi a Birtaniya sun daɗe suna kuka da abin da masu ziyarar ibada suke bari: kakin kyandir da baƙin hayaƙi a jikin duwatsun tsohon kabarin West Kennet kusa da Avebury, ƙyallayen leda da ake ɗaura wa rassan bishiyoyi, da gishirin da ake zubawa a ƙasa ya kashe ciyawa. Mabiya da kansu suna sukar juna a kan wannan, suna cewa ba a girmama ƙasa da abin da zai ɓata ta. A Stonehenge, tsohuwar da'irar duwatsu a kudancin Ingila, inda aka jera manyan duwatsun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa daidai da mafitar rana ta wannan yini, an hana taron tun daga 1985 bayan arangama da 'yan sanda, sai a 2000 aka sake buɗewa, kuma dubban da suke kwana a can yanzu an hana su shiga da wuta ko hawa kan duwatsu. 'Yan Wika kaɗan ne a cikinsu, mafi yawa 'yan kallo ne da mabiya tsarin Druid na zamani (wani addini daban mai koyi da tsofaffin limaman gargajiyar Birtaniya), su kuwa maginan wurin sun riga Empedokles da shekara kusan dubu biyu.

Wani abin da zai taimaka miki a rubutunki shi ne yadda tsarin kusurwoyin yake rikicewa da zarar an fita daga Turai. A Ostareliya da Afirka ta Kudu bikin yana faɗowa ne wajen 21 ga Disamba, kuma rana tana bi ta arewa ne da tsakar yini, saboda haka mabiya da yawa a can sun mayar da wuta arewa, ƙasa kudu, suna kuma kewaya da'ira ta ɗaya hannun. Wasu mazauna gabar gabashin Amurka ko ta Ostareliya suna ba ruwa gabas, tun da ta nan tekunsu yake, masu riƙe da tsohon tsari kuma suna cewa kusurwoyin alamu ne da ba a taɓawa. A ƙasar Hausa lissafin ya fi haka karkacewa, domin muna tsakanin layukan zafi biyu, wato yankin tsakiyar duniya inda rana take iya tsayawa daidai saman kai: a Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, rana tana ratsawa ta arewa da kai ne da tsakar yini. Idan kina so ki gani da idonki, ki kafa sanda a miƙe a tsakar gida ranar 21 ga Yuni da misalin ƙarfe goma sha biyu da rabi, za ki ga 'yar gajeriyar inuwarta ta kwanta ta fuskar kudu.